Yadda Ake Riƙe Ragamar Tawagar Masu Rubuta Manhaja a Watanni Uku na Farko

A yawancin kamfanoninmu, ranar da za a ɗora ka a kan tawaga ba a yin wani shiri. Oga zai kira ka ofis, ko ya turo saƙo ta WhatsApp, ya ce daga ranar Litinin kai ne za ka riƙa kula da yaran nan. Shi ke nan. An zaɓe ka ne domin hannunka ya fi na kowa kyau a kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, amma iya noma daban, iya tafiyar da gayya daban. Na karɓi tawaga sau da dama, wasu muna ɗaki ɗaya, wasu kowa yana garinsu, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi yanzu bayan na sha tuntuɓe. Na rubuta shi ne ga wanda aka ba mutum uku zuwa takwas. Duk inda na ce "ka", har da ke 'yar'uwa.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko: daga yau ba a auna ka da yawan kod ɗin da ka rubuta. Ana auna ka da abin da tawagar ta iya kammalawa, har a ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai.

Kayan da za ka tanada

Na farko littafin rubutu na takarda da biro. Ɗauke wuta ba ya shafarsa, kuma mutum ya fi sakin jiki idan yana magana da kai babu kwamfuta a tsakaninku. Ka ware wa kowane ɗan tawaga shafukansa.

Na biyu allon ayyuka guda ɗaya wanda kowa yake gani: Trello, Jira ko GitHub Projects. Idan kamfani bai biya ko ɗaya ba, Google Sheets ta wadatar, ko farin allo a bango mai gida uku: wanda za a yi, wanda ake yi, wanda aka gama.

Sai ma'ajiyar kod ta Git, wato manhajar da ke adana kod da tarihin duk canjin da aka yi masa, a shafin GitHub ko GitLab, da ikon kulle babban reshe, wato ainihin kwafin kod da aikin kowa ke haɗuwa a cikinsa, yadda ba mai zuba kod a cikinsa sai wani ya duba. Sai wurin ajiye rubuce-rubucen tawaga; na fi son a buɗe jaka ɗaya a cikin ma'ajiyar kod ɗin kanta, domin rubutun da ya yi nisa da kod mantawa ake yi da shi. Sai kalanda wadda kowa zai iya gani.

WhatsApp kuwa na gaisuwa ne da kiran gaggawa. Duk shawarar da aka yanke a can, a kwafe ta zuwa allon ayyuka a ranar, in ba haka ba wata uku masu zuwa kowa zai tuna ta yadda ta yi masa daɗi.

Mataki na 1: Ka san abin da aka ba ka

Kafin ka ce na karɓa, ka nemi rabin awa da wanda ya naɗa ka. Jagoranci a wannan fagen iri biyu ne. Akwai jagoran fasaha, wanda nauyinsa shi ne tsarin manhaja, ingancin kod da rabon aiki. Akwai manajan injiniyoyi, wanda ke ɗaukar ma'aikata, ya ba da hutu, ya auna ƙwazo, ya yi maganar albashi. Ƙananan kamfanoni sukan haɗa wa mutum ɗaya duka biyun ba tare da an faɗa masa ba.

Ka tambaye shi: Me kake so ka gani bayan wata uku da zai sa ka ce aiki ya yi kyau? Wace shawara zan iya yankewa ni kaɗai, wacce ce sai na dawo gare ka? Waye zai karɓi ayyukan da ke hannuna yanzu? Idan ka fito, ka rubuta amsoshin a imel ka tura masa ya tabbatar. Maganar ƙarin albashi ma a nan ake yin ta. Idan an ce sai an ga kamun ludayinka, ka nemi a sa ranar da za a sake zama, a rubuce.

Mataki na 2: Makonni biyu na saurare

Kada ka canza komai a makonni biyun farko, sai abin da ke cin wuta. Sabon jagora yakan zo da zumuɗin sauya yaren kod ko rushe tsohon tsari, alhali bai san dalilin da ya sa aka gina shi haka ba.

Ka zauna da kowa shi kaɗai, minti talatin. Tambayoyina ba su da yawa: Me ke cinye maka lokaci a banza? Wane ɓangare na kod kake tsoron taɓawa? Me kake so ka ƙware a kai nan da shekara ɗaya? Ka rubuta, ka rage magana. Idan mutum uku suka ambaci abu ɗaya, ka samu aikinka na farko. Daga nan wannan zama ya zama na kowane mako ko duk mako biyu, kuma kada ka soke shi don wani taro ya taso. Ka ɗaga shi zuwa gobe.

A nan akwai abubuwa biyu da suka shafi tarbiyyarmu, waɗanda na ga sun kayar da jagorori masu basira.

Na farko, idan a tawagar akwai wanda ya girme ka, ko ya riga ka shiga kamfanin, ko ma ya sa ran kujerar tasa ce, da shi za ka fara. Kai za ka je wurinsa. Ka ci gaba da kiransa Yaya ko Malam ko Injiniya kamar yadda ka saba. Ka ce masa: "Yaya, an ɗora mini wannan nauyi, kuma ka fi ni sanin tsarin nan. Ina kake ganin ya kamata in fara dubawa?" Ka ba shi wani ɓangare da zai zama shi ne mai magana ta ƙarshe a kai. Idan ya yi kuskure, ku gyara tsakaninku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Amma kada girmamawa ta sa ka keɓe shi daga dokar da ta hau kan kowa. Kod ɗinsa ma sai an duba.

Na biyu shi ne kunya. Da yawa daga matasanmu sun taso ba sa iya ce wa na gaba "ban gane ba" ko "ba zai yiwu ba". Ka tambayi yaro ya aiki, ya ce "Alhamdulillahi, ana kai", alhali kwana huɗu ke nan yana maƙale a wuri ɗaya, yana kwana a kan kwamfuta. Ba ƙarya yake yi ba, nauyinka yake ji. Don haka ka daina tambayar "ya aiki?" Ka ce: "Nuna mini inda ka tsaya." Ka kafa doka a fili cewa duk wanda ya maƙale fiye da rabin yini wajibi ne ya nemi taimako. Kai ma ka riƙa cewa "wannan ban sani ba, wa zai koya mini?" a gabansu. Sai sun ji daga bakinka za su yarda ba abin kunya ba ne. A wurin taro ka fara neman ra'ayin ƙarami kafin babba ya yi magana, kuma ka lura da 'yan'uwa mata, kada a riƙa katse su.

Mataki na 3: Ka gano inda tsarin ya rataya a wuyan mutum ɗaya

A mako na uku ka tara tawaga, ku zana taswirar manhajar a allo: ina bayanai ke shigowa, ina suke zama, da waɗanne kamfanoni na waje ake magana, kamar banki ko masu tura saƙon waya. A kan kowane akwati ka rubuta sunayen waɗanda za su iya gyara shi da tsakar dare. Duk akwatin da ke da suna ɗaya haɗari ne. A Najeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne: mai bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi ya tafi, ƙwararre kuma yana iya samun aikin da ake biya da dala daga waje ya ba ka sanarwar wata ɗaya.

Ka haɗa jerin makullai. Da sunan wa aka sayi adireshin shafin kamfani, kuma yaushe zai ƙare? Imel ɗin wa ke riƙe da asusun da manhajar ke zaune a kai? Tsofaffin ma'aikata nawa ne har yanzu suke iya shiga? Duk abin da ke kan imel ɗin mutum na kansa, a mayar da shi na kamfani.

Sannan ka gwada kwafin ajiya na rumbun bayanai. Kada ka tsaya a "muna da shi". Ku ɗauko kwafin jiya ku zuba shi a wani inji, ku ga ko ya tashi, ku auna minti nawa ya ci. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, yana zaton yana kan rumbu na biyu ne, wanda kwafin babban ne. Da suka juya ga hanyoyin ajiya biyar da suke da su, sai suka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan shi ya cece su, kuma bayanan waɗannan awoyin sun salwanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 4: Ka saki aikin da ka fi so

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma a nan na fi faɗuwa. A wani kamfani da na yi aiki, da aka ba ni tawaga sai na riƙe wa kaina aikin haɗa manhajarmu da banki, don ina ganin ba wanda zai yi shi da sauri kamata. Taruka suka cinye mini yini, sai da dare nake samun zama. Mutum uku suna jiran in gama kafin su ci gaba da nasu. Muka wuce wa'adi da kusan mako biyu, kuma da aka gama ba wanda ya fahimci ɓangaren sai ni. Har yau ina jin takaicin lokacin da na ɓata wa waɗannan mutane.

Dokar da na kafa wa kaina tun daga nan: jagora ba ya ɗaukar aikin da wasu ke jira. Ka ci gaba da rubuta kod, domin idan ka daina gaba ɗaya hannunka zai mutu, kuma tawaga za ta daina yarda da hukuncinka. Amma ka zaɓi wanda jinkirinsa ba zai tsayar da kowa ba: gwaje-gwaje, gyaran kayan aikin tawaga, ƙananan kurakurai, tsaftace tsohon kod. Ni nakan ware awa biyu na safe, in kulle su a kalanda.

Rabon aiki kuwa ka yi shi yadda tela ke koyar da yaron shago. Da farko ka yi yana kallo. Sannan ku yi tare. Sannan ya yi kana kallo. A ƙarshe ya yi ya kawo maka labari. Kowane mutum yana da matakinsa a kowane irin aiki. Wanda ya ƙware a fuskar manhaja yana iya zama ɗan koyo a rumbun bayanai. Kuskure biyu ake yi: a jefa wa sabo babban aiki a juya baya, ko a tsaya a kan ƙwararre ana leƙa kafaɗarsa.

Idan za ka miƙa aiki, ka faɗi matsalar da ake son warwarewa, da yadda za a gane an gama, da ranar da za ku sake dubawa. Hanyar ka bar masa. Ka ce ya maimaita maka abin da ya fahimta da bakinsa. Zai yi shi ba yadda za ka yi ba, wataƙila ya ɗauki kwana uku a abin da kake yi a yini ɗaya. Idan yana aiki kuma babu haɗari, ka haɗiye ra'ayinka. Kada ka zauna da dare ka sake rubuta aikinsa a ɓoye. Idan ya gano, ka rasa shi.

Mataki na 5: Bitar kod

Ba kod ɗin da zai shiga babban reshe sai wani ya karanta, har da naka. A riƙa kawo shi ƙanana: wani bincike da aka yi a kamfanin Cisco ya nuna idan abin da ake dubawa a zama ɗaya ya wuce layi 400, ido yakan fara tsallake kurakurai. A kuma amsa da wuri. Ƙa'idar Google ita ce kada amsar farko ta wuce ranar aiki ɗaya. Rigimar inda za a sa waƙafi ko tazara a bar wa manhajojin da ke daidaita rubutun kod da kansu, irin su Prettier ko Black. Sharhi ya tsaya a kan kod: maimakon "ba ka iya ba", ka rubuta "me zai faru idan lambar wayar ta zo babu komai?" Kuma kada kai kaɗai ka zama mai bita. Idan ku biyu ne kawai a wani ɓangare, ku zauna a kwamfuta ɗaya ku karanta tare.

Mataki na 6: Rubuta dalilin kowace babbar shawara

A 2011 Michael Nygard ya ba da shawarar wata gajeriyar takarda da tawagogi da yawa suka runguma. Shafi ɗaya ce: take, halin da ake ciki, abin da aka yanke, matsayin shawarar, da abin da zai biyo baya, mai daɗi da marar daɗi. Duk lokacin da kuka zaɓi rumbun bayanai, ko kamfanin biyan kuɗi, ko kuka ƙi wata hanya, a rubuta ɗaya a sa mata lamba. Ka bar ƙanana su riƙa rubuta daftarin farko. Da haka ake koyon tunanin tsari.

Mataki na 7: Wa'adi da magana da na sama

Oga zai tambaye ka yaushe za a gama, a tsaye, a bakin ƙofa. Kada ka amsa a nan. Ka ce gobe da safe za ka kawo masa. Ka zauna da masu aikin, ku sassara shi gunduwa-gunduwa, kada kowace ta wuce kwana biyu, kuma wanda zai yi shi ne zai ƙiyasta. Ka ba da tazara, kamar mako huɗu zuwa shida, tare da abin da zai iya jawo shidan. Ka lissafa da rayuwar gaske: azumi, hutun Sallah, ranakun da wuta ko intanet za su yanke, da jiran amsa daga wani kamfani.

Idan an matsa lallai sai ranar kaza, ka kawo zaɓi: ga abin da zai shiga a ranar, ga wanda zai biyo baya, wanne za mu cire? Idan aka ce za a ƙaro mutane don a yi sauri, ka yi bayani a hankali. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Sabbi sai an koya musu, kuma hanyoyin magana suna ninkuwa: tsakanin mutum 5 akwai hanya 10, tsakanin mutum 10 akwai 45.

Da na sama ka yi magana da yaren kuɗi, lokaci da kwastoma. "Kod ɗin ya tsufa" ba ya motsa kowa. "Kowane sabon abu a ɓangaren biyan kuɗi yana cin mako biyu maimakon kwana uku, kuma gyaran zai ɗauki wata ɗaya" magana ce da za a iya yanke hukunci a kanta. Duk ranar Alhamis ka tura gajeren rahoto: abin da aka gama, abin da ke gaba, abin da ke ba ka tsoro. Mummunan labari ya isa gare shi daga bakinka, kuma da wuri.

Mataki na 8: Ranar da abu ya lalace

Tun kafin ranar ta zo, a rubuta matakan ɗora sabuwar sigar manhaja ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake komawa tsohuwa. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, domin an ɗora sabon kod a inji bakwai cikin takwas, na takwas ya tashi da tsohon. Idan ba ku kai ga sa na'ura ta riƙa ɗorawa da kanta ba, mutum biyu su yi, ɗaya yana karanta jerin, ɗaya yana aiwatarwa. A tawagata ba ma ɗora komai ranar Juma'a bayan ƙarfe 11, kowa yana shirin masallaci ga ƙarshen mako a gaba, haka ma jajibirin Sallah.

Idan matsalar ta faru, ka raba nauyi nan take: mai gyara, mai sanar da kwastomomi da oga, mai rubuta abin da ake yi da lokacinsa. Kai ka tsaya a tsakiya kana haɗa su, kada ka nutse a kod. A fara tsayar da ɓarna ta hanyar komawa tsohuwar siga, binciken dalili ya biyo baya. Idan bayanan mutane sun fita, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, cikin awa 72 idan lamarin zai iya cutar da masu bayanan, don haka ka sanar da shugabanni da lauyan kamfani a take.

Bayan kwana biyu ku zauna. Ruwa ba ya tsami banza, amma tambayar ita ce "me ya ba da damar hakan ta faru?", ba "waye ya yi?" ba. Idan ka tozarta wanda ya danna maɓallin, kuskure na gaba ɓoye maka shi za a yi. A gaban oga ka ce "mun yi kuskure". Idan aka yi nasara kuwa, ka ambaci sunan wanda ya yi aikin.

Mataki na 9: Ci gabanka da nasu

Aikin jagora ba ya bayyana a tarihin Git, don haka ka buɗe kundi. Minti goma a ƙarshen kowane mako: me aka cimma, me ya sauya da lamba, waye ya ƙaru ta dalilinka. Misali, ɗora siga da ke cin awa uku yanzu minti ashirin ne. Ɓangaren da mutum ɗaya ya sani yanzu uku sun sani. Da wannan kundi ake zuwa neman ƙarin girma ko sabon aiki. Ka sa kowane ɗan tawaga ya buɗe nasa, ku riƙa dubawa tare.

Ka kuma lura da zuciyarka. Idan abin da ke faranta maka shi ne ganin yaro ya tsaya da ƙafarsa, hanyar manaja ta dace da kai. Idan tsarin manhaja ne ke hana ka barci, manyan kamfanoni suna da tsani na biyu, na babban injiniya wanda ke jagorantar fasaha ba tare da riƙe ma'aikata ba. Komawa wannan hanya ba faɗuwa ba ce. Idan kamfaninku ba shi da matakan girma a rubuce, ka tsara shafi ɗaya mai bayyana abin da ake tsammani daga ƙarami, matsakaici da babba, ka kai wa oga. Idan ba ka da wanda ya riga ka da za ka riƙa tambaya, ka neme shi a tarukan masu fasaha irin na GDG, wato ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke tallafa wa, da ake yi a garuruwa kamar Kano, Kaduna da Abuja.

A ƙarshen wata na uku ka zaɓi mataimaki, ka sanar da kowa, ka ɗauki hutun mako ɗaya. Ka bar waya a buɗe don gaggawa kawai. Duk kiran da ya shigo ka rubuta shi a littafinka: wa ya kira, me ya rasa, kalmar sirri ce, izini ne ko ilimin da ke kanka kai kaɗai. Ranar da ka dawo ka zuba jerin a allon ayyuka, ka fara da wanda ya shafi kuɗin kwastoma.